Ƙararrawar da na ɗinke kamar laya

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana da rai, nakan je Faru duba ta kowane wata. Ni a Talata Mafara nake aure, ita kuwa ta ƙi barin ɗakinta, ta ce inda mahaifinmu ya bar ta nan za a zo a ɗauke ta. Babban ɗana ne ke raka ni, har Allah ya ba shi aikin koyarwa a Bakura ya tare can da iyalinsa. Maigidana kuma ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tafiya. A lokacin hanya ta fara lalacewa, yau a ce an tare nan, gobe a ce an tare can. Sai ya ce ba zan je ni kaɗai ba, in jira sai ɗanmu ya samu hutu. Haka na yi wata uku ban sa Inna a ido ba, ga ta tsufa ya kama ta, ga hawan jini.

Na yi ta roƙo, na yi ta nuna masa mata nawa ne ke shiga mota su kaɗai su je su dawo lafiya. Da ƙyar ya sauko. Ya ce zai gwada ni sau ɗaya: in na je na dawo ba wani labari, in ci gaba da zuwa, in kuwa ya ji ko tuntuɓe na yi a hanya, magana ta ƙare.

Ana gobe zan tafi maƙwabciyata ta shigo. Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, mutuniyar ƙasar Zuru, kuma ta saba tafiya gida ita kaɗai. Ta zazzage mini leda a kan tabarma: ƙaramar tocila, da usur, da wani baƙin abu mai girman akwatin ashana, da ɗan zare a kansa. Ta ce ƙararrawa ce ta mata matafiya. In mutum ya ga abin tsoro sai ya fizgi zaren, wani ɗan fil ya fita, ita kuma ta yi ta ihu har jama'a su taru. Ta so ta gwada mini, na riƙe hannunta, don maigida yana kishingiɗe a zaure kuma ba na son ya san ina jin tsoro.

Ni boko bai zauna mini ba, amma mahaifina ya koya mini ajami tun ina ƙarama, kuma duk abin da nake gudun mantawa sai na rubuta. Na ɗauko takarda, na fara da Bismillah kamar yadda aka koya mana, na rubuta cewa in an ga abin tsoro a ja zare. Ina kaiwa nan aka kira la'asar, na miƙe alwala, ita ma ta tafi. Ba wadda ta tuna da maganar yadda ake kashe abin. Abu na ƙarshe da ta ce daga bakin ƙofa shi ne in rataya ta inda hannuna zai kai da sauri.

To, a nan tarbiyyar gidanmu ta shigo. Mu an koya mana abu mai daraja ba a tafiya da shi a fili, ciki-ciki ake sa shi. Ga shi kuma abin aro ne, in ya faɗi me zan ce wa mai shi? Takarda kuwa tana da sunan Allah, ba a barinta tana yawo. Sai na naɗe ƙararrawar da takardar, na naɗe da ƙyalle, na sa allura na ɗinke tsaf, na bar zaren kaɗai a waje. Na sa ta cikin kwano mai murfi tare da usur da tocila, na sa kwanon a tsakiyar tsarabar Inna, tsakanin sabulu da man zafi da ƙullin daddawa, na ɗaure da tsohon zane, ƙulli uku. Na kalli aikina na ji daɗi, na ce ko ɓarawon tasha bai isa ya raba ni da ita ba.

Da safe na shiga mota, muka isa Maradun lafiya. A tasha na tsaya ina zaɓen ɗan kabu-kabu kamar mai zaɓen siriki, har na samu wani dattijo mai furfura a gemu. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Mafara, na tambayi iyali da damina. Ya karɓi ƙunshina ya aza a kan tankin babur a gabansa, ya ɗaure da roba tamau. Na hau, na karanta addu'ar hawa, muka kama hanya.

Mun yi nisa kaɗan sai na ga ya saki hanyar da na sani, ya faɗa wata 'yar siririyar turba cikin gonaki. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, ba a ganin komai sai kara dama da hagu. Duk labarin da na taɓa ji ya dawo mini, har furfurar da na zaɓe shi dominta na fara ganin kamar ta yaudara ce. Na karanta Ayatul Kursiyyu, na ƙara, sannan na tuna ai ina da makami. Na kuma tuna inda makamin yake: a gabansa, tsakanin gwiwoyinsa, cikin kwano, cikin ƙulli uku, ƙarƙashin roba.

Na rasa yadda zan yi, sai na ce, "Malam, don Allah ɗan tsaya, zan ɗauki wani abu cikin kayana."

Ya tsaya, ya kashe babur, ya kwance roba, ya sauke ƙunshin a gefen turba. Na durƙusa ina kwancewa, ƙulli ya ƙi. Da ya ga haka ya ce in kawo, ƙullin mata sai da haƙori. Na tsaya ina kallon mutumin da nake zargi yana kwance mini abin da zan tara masa jama'a da shi, da haƙoransa, har yana yaba ƙarfin ɗaurin.

Ya buɗe kwanon da na nuna. Da ya ga ɗan abu a ɗinke, ga gefen takarda ya leƙo da rubutun ajami, sai fuskarsa ta canza. Ya goge hannu a riga, ya ce, "Ashe Hajiya da shirinki kike tahe. Layar hanya ce?" Kafin in buɗe baki ya yi Bismillah, ya kama zaren da yatsu biyu kamar yadda ake ɗaga laya don girmamawa, ya ɗago zai miƙo mini. Zaren ya zo hannunsa, layar ta koma cikin kwano.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Kwanon kuma ya ƙara mata murya. Tsuntsaye suka tashi daga dawa, wasu shanu can nesa suka zabura, dattijo ya yi baya ya faɗa kan babur ɗinsa yana salati. Ni da na san mene ne, sai da na toshe kunne.

Ba a jima ba kara ya fara motsi ta ko'ina. Manoma suka fito, mai fartanya, mai gora, mai adda, sun kai ashirin. Suka ga mace ita kaɗai a tsakiyar dawa, kayanta a warwatse, namiji a gefe. Ba su tambayi kowa ba suka cafke shi, biyu suka riƙe hannuwansa, wani ya shaƙe wuyan rigarsa. Wani tsoho ya matso kusa da kunnena, don ba a jin magana, ya ce, "Baiwar Allah, mi wanga mutum ya yi maki?"

Kunya ta rufe ni, amma na ga gora a sama, na san in na tsaya jin kunya za a fasa kan bawan Allah. Na ɗaga murya na faɗi komai: bai yi mini komai ba, ni na zarge shi don ya bar hanya, ni na sa ya tsaya, kuma shi da kansa ya kwance mini kayan. Sai tsohon ya ce ai kwalbatin babbar hanya ya karye tun ruwan watan jiya, kowa ta nan yake bi. Aka saki wuyan rigar, amma masu riƙe da hannu suka manta ba su saki ba, don hankalin kowa ya koma kan yadda za a rufe bakin abin.

Suka ce in kashe. Na farke ɗinkin, na warware takardata na karanta, na sake karantawa, ba komai sai a ja zare. Wani ya danne ƙararrawar da rawaninsa, ta ci gaba. Wani ya tona rami ya binne ta, ƙasa ta riƙa kuka. Wani ya ce a tsoma ta a ruwa, na ce ta aro ce. A ƙarshe aka nuna mini wani suri da ake samun sabis a kansa, na tattare hijabi na hau, maza ashirin suna kallon ƙasa don kunya, na kira maƙwabciyata. Tana jin ƙarar ta cikin waya ta tambaya ko lafiya nake. Da na ce lafiya, sai da ta gama dariyarta sannan ta ce a mayar da fil ɗin cikin raminsa. Aka shiga neman fil a cikin ciyawa. Can dattijo ya ce in za a sakar masa hannu, yana jin abin da ake nema yana cikin tafinsa tun ɗazu.

Da aka mayar da fil ɗin wurin ya yi tsit, na ba dattijon haƙuri a gaban kowa. Ya kakkaɓe hularsa ya ce ya yafe, amma da na tambaye shi ai da ya gaya mini maganar kwalbati. Ya ƙara da cewa shekararsa goma sha yana kabu-kabu, bai taɓa ɗaukar wadda ta nemi ya taya ta kama kansa ba. Jama'a suka yi ta dariya. Cikin masu dariyar na hango wani mai albasa da ke kasa kaya kusa da rumfar maigidana ran kasuwa. Shi ma ya gane ni, ya durƙusa ya gaishe ni. Na ja shi gefe na roƙe shi maganar ta tsaya a nan. Ya yi alkawari. Har yau ina istigfari a kan wannan roƙo, don ɓoye wa miji na nema, kuma a gaban shaidu ashirin.

Dattijon nan shi ya ƙarasa da ni har ƙofar gida. Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta karɓi ƙyallen ta duba sawun allura, ta ce ɗinkin dai ba laifi, haka ta koya mini.

Na kwana uku na dawo ran Laraba, kasuwa ta riga ta ci. A mota na yanke shawarar zan faɗa da bakina, ko da shi ke nan an hana ni. Na sami maigida a zaure, na gaishe shi, na fara. Ya ɗaga hannu ya ce in huta, ya ji labarin kala uku jiya a kasuwa, a ɗaya har da zaki. Mai albasa kam ya cika alkawari, bai ce uffan ba, sai dai duk sanda suka haɗa ido sai ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Na zauna ina jiran hukuncin maigida. Sai ya tambaye ni mutum nawa suka fito, kuma an ɗauki lokaci kafin su zo? Na ce sun kai ashirin, kuma ban gama sauke hannu daga kunne ba suka iso. Ya jinjina kai. Ya ce, "To ai abin yana aiki, kuma akwai mutane a hanyar. Ke ce ba ki aiki." Ya ce in ci gaba da zuwa, da sharaɗi biyu: ƙararrawa a wuyan hannu, ba cikin daddawa ba, kuma in an bar hanya in buɗe baki in yi tambaya kafin in yanke wa mutum hukunci. Ya sa aka sayo mini tawa, ya kuma aika wa dattijon goro da turmin yadi.

Na daɗe ina tunanin wannan rana. Na ɗauki abin da aka ba ni don ya tsare ni, na koma ni ke tsaronsa, kuma tsoro ya sa na munana zato ga mutumin da bai nufe ni da komai ba sai alheri. Ba na cewa mace ta daina taka-tsantsan, hanyoyinmu ba su kai nan ba tukuna, Allah ya kawo mana sauƙi. Duk wadda ta ce mini za ta yi tafiya nakan ce ta yi addu'a, ta faɗa wa na gida inda take, abin da ta riƙe kuma ya zama a hannu.

Daga wannan wata ban ƙara fashin zuwa Faru ba, shekara huɗu cur, ni kaɗai. Ranar da ciwon Inna ya tashi na ƙarshe ina ɗakin, kanta a kan cinyata, ni na laƙƙana mata kalmar shahada. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan namu da naku.