Gardamar Dokar Amurka Ta Raba Ni da Mahaifiyata

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Ban iya rubutun boko ba, ina faɗa ne wani makwabcina yana rubuta mini, don haka in kun ga magana ta karkace, daga bakina ne. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa.

A lokacin da abin nan ya faru ni mai gasa tsire ne a Makka, wanda mutanen can suke ce wa siriya. A unguwar Jarwal aka haife ni. Iyayena sun je aikin hajji daga ƙasar Kano suka yi zamansu, irin waɗanda ake kira 'yan takari, saboda haka na tashi ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba fasfo, ba wata takarda da ta san da zamana a duniya. Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Da aka rushe layinmu sai muka kama ɗaki a unguwar Kudai, ni da mahaifiyata, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ni kaɗai gare ta. Ni nake ɗaga ta, ni nake ba ta abinci, ni nake gyara mata kwanciya kada bayanta ya yi gyambo. Maigidana a wurin aiki shi ma Bahaushe ne, amma ɗan ƙasa ne, kakanninsa ne suka zo. Ammi nake ce masa, wato baffa da Larabci. Ya ajiye ni a bayan shagonsa da yake unguwar Shisha, wajen wuta, inda ba mai ganina, kuma bai taɓa yi mini wata tambaya ba. Haka tsarinmu yake a can. Ba a tambayar mutum takardarsa, shi ma ba ya faɗa. Sai ku yi shekaru kuna cin abinci kwano ɗaya da mutum ba ka san ko yana da ita ba, kuma tun yaro yana koyon magana ake koya masa haka.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son gardama. Mahaifiyata takan ce ko bango na samu sai na ja da shi. Wani mai sayen tsire ne ya saka ni a wani zauren hira na waya, na Hausawan ƙasashe daban-daban, akwai na Kano, na Maraɗi, na Sudan, har da masu zama a Amurka. Da ƙwallo aka fara, a hankali hira ta koma siyasar Amurka, sai ka rantse mu ne za mu yi zaɓen. Yau a ce gwamnati ba ta da ikon karɓe wa mutane bindiga, gobe a ce ɗan sanda ba shi da hurumin buɗe wayar mutum sai da izinin alƙali, jibi a ce can kana iya zagin shugaban ƙasa ka kwana a gidanka. Wallahi abin yana burge ni. Da yake ban iya rubuta Hausa ba, Larabci kawai nake ɗan haɗawa, sai na riƙa aika murya. Suna jin daɗin yadda nake cakuɗa Hausa da Larabci, har suka sa mini suna Lauyan Makka. Ni da ban taɓa zama a aji ba! Kaina ya yi girma ƙwarai.

Ana nan sai aka shiga maganar da ta kai ni ƙasa. Wai a kundin tsarin mulkin Amurka duk jaririn da aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, ko da iyayensa ba su da takarda, kuma wasu 'yan siyasa suna so a soke wannan. Wani ɗalibi ya yi bayani cewa gyara kundin ba wasa ba ne, sai majalisa ta yarda da babban rinjaye, sai kuma mafi yawan jihohi sun amince. Wani direba da yake zaune a Amurka, wanda shi ya riga ya sami takardarsa, ya ce a soke ɗin shi ne daidai. Ya ce wanda ya haura gidan mutane ya haihu a ciki, ɗansa bai zama ɗan gida ba, ɗan ɓarawo ne.

Bayan la'asar ne na saurari maganar, ina tsaye a gaban wuta. Sai na ji kamar ya zagi mahaifina a kabarinsa. Na danna waya na fara magana, ban san lokacin da na wuce Amurka na shigo kaina ba. Na ce ni ɗin nan da suke ji, a Jarwal aka yanke mini cibiya, ban taɓa taka wata ƙasa ba, amma ko layin waya ba ni da ikon saya da sunana. Na ce ya faɗa mini abin da na sata. Don kada ya ce ƙarya nake yi, na kwatanta shagon da nake aiki da masallacin da yake kusa da shi, na ce duk mai shakka ya zo ya same ni. Har ɗakinmu na Kudai na ambata, da tsohuwar da take kwance a ciki. Na rufe da cewa da a Amurka aka haife ni, da yanzu ina da ikon tsayawa takarar shugaban ƙasa. Zaure ya ɗauki tafi, aka ce Lauya ya kashe bakin kowa. Na koma kan tsirena ina murmushi.

Ba a daɗe ba wani abokina ya turo mini bidiyo, ya ce wannan ba muryata ba ce? Wani daga cikin zauren ne ya ɗauki maganata ya ɗora a kan hoton Harami da tutar Amurka, ya sake ta a shafinsa. Nan take na koma zauren. Na goge tawa, amma me ya rage? Na nemi mutumin na roƙe shi don Allah don Annabi ya sauke. Ya ce ai taimakona yake yi, ya kamata duniya ta ji kukan irina, kuma ni da bakina na sha yabon 'yancin faɗin albarkacin baki. Da na matsa ya sauke, amma wasu sun riga sun kwafa. Na bi wannan na roƙa, na bi wancan, wasu ko amsa ba sa yi. Ina zaune ina kallon mutanen da ban sani ba suna muhawara a kaina, wani ya ce abin tausayi, wani ya ce a tattara mu a maido mu gida, wani ya ce ƙarya ce ma, a Kano nake. Ban taɓa jin rashin ƙarfi irin na kwanakin nan ba. Abu yana tahowa kaina, ina ganinsa, ba ni da hannun tarewa.

Ɗan Ammi ne ya kunna wa mahaifinsa bidiyon. Ammi ya kira ni, bai yi faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce shekara da shekaru yana rufe idonsa, ni kuma na je na buɗe wa duniya nata, kuma in aka same ni a wurinsa shagon ne zai tafi. Idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce in yafe masa, kada in dawo. Bayansa mai gidan da muke haya ya ce mu tashi. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba, kowa yana da iyalin da yake ji wa tsoro. Wata makwabciyarmu 'yar Nijar, wadda take da iƙama, ita ta karɓi mahaifiyata a ɗakinta, da sharaɗin ni ba zan kwana a nan ba. Duk shagon da na je neman aiki, da na buɗe baki sai in ga fuska ta canza. Muryar da nake taƙama da ita ta zama abin da nake ɓoyewa.

Daga ƙarshe na fita tashar motocin Kudai ina yi wa alhazai dako, wurin da duk mai hankali a cikinmu ba ya zuwa in hajji ya gabato, domin lokacin ne ake tsananta bincike. Na sani sarai, amma tsohuwa sai ta ci, sai ta sha magani. Ran nan da safe na biya na gyara mata kwanciya, na ce zan dawo da azahar. Da hantsi aka tare ni aka ce in nuna iƙama. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni, aikinsu suka yi. Aka kai ni gidan tarhil inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka ɗauki zanen yatsuna, aka gaya mini ba ni ba shigowa. Na yi ta faɗa cewa ina da uwa a kwance, sai wani da muke tsare tare ya ja ni gefe ya ce in yi shiru, in ba so nake ita ma a ɗauko ta a kan katifa ba. A nan ne na yi shirun da ya kamata in yi tun farko.

Yanzu ina Kano, garin da ake cewa namu ne, ina tambayar hanya kamar baƙo. Zauren yana nan, an ce har yau suna kan kundin Amurka, ba a gama ba. Direban nan ya aiko mini da jaje.

Abin da na koya shi ne, gardamar waya kowa da abin da yake ajiyewa a kanta. Wani lokacinsa kawai yake kashewa, in ya gaji ya kife wayar ya yi barci, wani kuma rufin asirinsa ne gaba ɗaya. 'Yancin da muke yabo na mutanen da dokarsu ta rubuta musu ne, bai biyo ni ta waya ba. 'Yan'uwana da suke zaune a ƙasar mutane, musamman masu aika murya irina, ku yi muhawararku in kuna so, amma kada zafin magana ya sa ku kafa hujja da kanku, balle da wanda yake kwance yana dogaro da ku.

Mahaifiyata tana raye. Makwabciyarmu tana ƙoƙari, amma ita ma ta manyanta, ba ta iya ɗaga ta ita kaɗai, gadon bayan mahaifiyata ya fara gyambo. Ba mu gaya mata gaskiya ba, an ce mata na sami aiki a Jidda. Ranar Juma'ar da ta wuce aka kara mata waya a kunne, ta ce Jidda ai ba nisa, in roƙi maigidan nawa ya ba ni ko rabin yini ne in zo in juya ta, gefen nan ya gaji. Na ce mata to, Inna, ina nan tafe.