Kawu Tanimu da Tsatsar Alkama

Ku da kuka san Kawu Tanimu a Tudun Wada kun san ba mutane kaɗai yake yi wa faɗa ba. Jakinsa ya sha zagi, jigon ban ruwansa ya sha, har hadari idan ya makara. Abu ɗaya ne ya tsira daga bakinsa: alkamar da ya gaji irinta wajen mahaifinsa, wadda yake nomawa da rani a fadamar Kubanni.

Shekarar da cutar tsatsa mai mayar da ganye ja ta faɗa mata, ya dawo gida farar rigarsa ta yi ja wur. Matarsa ta ce, "Malam, marina ka faɗa?"

"Ke dai tattaro min tsummoki!"

Ya sa na rufe shagon ɗinkina, ya haɗa ni da ƙannena, wai mu goge ganyen ɗaya bayan ɗaya. Alkama fa, jama'a! Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kwana uku muna sunkuye. Na ce, "Kawu, wanda muka goge jiya ya sake ja."

"To ai jiyan ma ha'inci kuka yi!"

Malamin gona ya zo a keke, ya ce a ƙone ta, za a ba shi sabon iri. Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da ubanka ya yi ƙyanda, ƙone shi kuka yi aka ba ka sabo?" Malamin ya hau kekensa ba sallama.

Sai ga Malam Isa, maƙwabcin gonarsa. Ya ce, "Tanimu, iska na kaɗo cutar nan wajena. Da alkamata nake ciyar da mutum goma."

"Je ka kai ƙarar iska wajen alƙali!"

Washegari da hantsi muka hango hayaƙi. Ashe Kawu shi kaɗai ya yanke alkamarsa kakaf, ya haɗa da kara ya cinna wuta. Na same shi yana zagin tsatsa, yana zagin Isa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Kawu, kuka kake?"

"Hayaƙi ne, ɗan banza!"

Alhali can gabas hayaƙin yake tafiya, ba ta wajensa ba. Ko ƙwayar irin mahaifinsa ba ta rage masa ba, don duk ya shuka. Ta Isa ta tsira. Kawu kuwa har ya rasu bai ƙara kai alkaki bakinsa ba, wai zaƙi ya yi masa yawa.

Allah ya jiƙanka Kawu, ya ba ka gonar da tsatsa ba ta shiga.