Wa Ya Fara Gaishe Ni?

A shekarun da nake koyar da Turanci a Umdurman ta ƙasar Sudan, duk takardar da ta shigo unguwarmu da rubutun boko ni ake kawo wa. Ba zan ɓoye ba, kaina yana kumbura da abin.

Wata Juma'a kakata ta aiko a kira ni. Wani ɗan kasuwa a Kasuwar Libiya ta nan Umdurman ya taho mata da wasiƙa daga Najeriya, daga gidan yayarta. Sun rabu tun kakata tana budurwa, lokacin da iyayensu suka kamo hanyar Makka da ita, suka bar babbar a ɗakin mijinta, tafiyar kuma ta tsaya musu a nan. Mun daɗe da jin yayar tana jinya. Abu ɗaya kakata take son sani: tana da rai, ko a shimfiɗa tabarmin zaman makoki.

Jikan yayar ne ya rubuto, ɗan sakandare mai son a san ya iya Turanci. Ya cika shafi da labarin damina da na wani biki. Game da tsohuwar kuwa layi ɗaya tak, wai yanzu ba ta cikin wahala.

Na karanta sau uku. Na ɗauko ƙamus, alhali babu kalmar da ban sani ba. Na ce mata mai yiwuwa an samu sauƙi, mai yiwuwa kuma ba haka yake nufi ba. Haushin yaron ya kama ni, na kaina ya fi. Na ce zan kai wa wani abokina a unguwar Alshajara da ya yi aiki da Turawa. Ta ce shi ma ai layin nan zai gani.

"Ustaz, ajiye littafin. Koma saman wasiƙar. Wa ya fara gaishe ni?"

Na karanto mata: uban yaron, uwarsa, ƙannensa, har maƙwabta. Ta ce sai wa. Na ce shi ke nan. Ta ce a gidansu da babba ake fara gaisuwa, ko da Yaya ba ta iya ɗaga harshe sai an sa ta a gaba, haka duk wasiƙun baya suka zo. Ni na karanta mata su, ban taɓa lura ba.

Ta gyara lulluɓinta, ta jawo babbar tabarma daga bayan ƙofa. Na ce mata ni fa ban tabbata ba.

"Na sani," in ji ta. "Kama can gefen."