Takalmin Robar Yayana

Muna yara a ƙauyenmu na wajen Kusada, fitsarin jini ba abin tsoro ba ne. Yaro ya dawo daga wankan kududdufi ya ga ja, abokai su ce ya zama namiji. Ni makaranta ce ta raba ni da ruwan, na ƙare da zama a Kankia. Yayana kuwa a ciki ya tsufa, yana noman rani a fadama, ƙafa tsundum a ruwa tun safe har la'asar.

Tsargiya ce. Ya sha ƙwayoyinta ba adadi, ta tafi, ya koma fadama, ta dawo. Bara likita ya ce mafitsararsa ta fara lalacewa, in bai daina shiga ruwan ba abin zai fi ƙarfin magani. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. Babur ya tsaya a ƙofar gida sai in ɗauka mugun labarinsa aka kawo.

Ɗiyata tana jami'a, a ɗakin bincike, kuma a kan tsutsar da ke kawo tsargiya take aiki. Da ta zo hutun Sallah na tasa ta gaba har gidan Yaya, na ce ta yi masa bayani, ni bakina ya gaji. Ta ce tsutsar a jijiyoyin jini take zama, kuma akwai wani sinadari da ke riƙe jikinta, irin wanda ke sa romon ƙafar saniya ya yi danƙo in ya huce. Su aikinsu toshe umarnin halittar da ke sa tsutsar ta ƙera shi, sannan su zuba ido su ga ko jikinta zai saki.

Na katse ta, na ce to ina maganin? Ta ce tukuna, tsutsotsin a faranti suke, abu ne na shekaru, kuma yana iya ƙin yiwuwa. Haushi ya kama ni. Na tashi na zaga tsakar gida na dawo, Yaya yana ta yi mini dariya.

"Ƙyale ta, malam," in ji shi. "Tana nata noman, ina nawa."

Ita ce ta roƙe shi. "Baffa, kafin mu gama, don Allah ka riƙa sa dogon takalmin roba."

Ranar kasuwa na saya na aika masa. Kullum na kira shi a waya tambayata ɗaya ce, kullum ya ce yana sawa. Hankalina dai bai kwanta ba.

Rani na tsaka aka kawo shi asibiti a Kankia, jini ya ƙi tsayawa. Na same shi a benci, ya rame, sanye da babbar riga, takalmin a ƙafarsa sai ƙyalli yake. Na durƙusa na cire masa ɗaya don ƙafarsa ta kumbura, na juya ƙasansa. Ko ɗigon laka babu.

"Yaya, ina kake zuwa da shi?"

"Juma'a da kasuwa mana. Abin da ɗiya ta sa aka sayo mani, mi zai sa in tsoma shi cikin taɓo?"

Aka kira shi ciki. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya shiga da takalmi ɗaya, ni ina tsaye riƙe da ɗayan.