Sojojin Cikin Gwangwanin Kawu

Jiya a kasuwar Daura 'yata ta nuna mini wani ɗan sojan roba, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Tsohon soja ne, kuma yana da irinsu na dalma a cikin gwangwanin madara mai warin tsatsa. Kowanne ya sa masa sunan wani abokinsa da bai dawo daga yaƙi ba.

Bayan la'asar yakan jera su a tabarma, kwamanda a gaba, yana goge su da bakin rawaninsa. Da an kira magariba sai ya kwantar da su, ya lulluɓe su da farin ƙyalle, don ba ya salla da mutum-mutumi tsaye a gabansa.

Wata rana matarsa ta ce, "Malam, gumakan nan fa gara a zubar da su."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙyale su. Mutanen nan ko likkafani ba su samu ba."

Ranar da ya rasu, ita ta wanke ƙyallen ta lulluɓe su.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya lulluɓe shi da rahama, shi da su.