Sunan da Na Faɗa a Bakin Titi

Autata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, don ban taɓa zama a aji ba. Na bari sai da babbar ba ta gida, domin maganarta ce, kuma a gabanta bakina ba zai buɗe ba.

A inda na tashi, mace ba ta faɗin sunan 'yarta ta fari. Ba ta yabonta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in wani ya yabe ta ma sai ta kawar da kai. Yawanci kaka ko gwaggo ake ba wa riƙo. Ni da aka kawo ni Inugu, maigidana yana fawa a Kasuwar Artisan, ba kaka ba gwaggo, daga ni sai ɗaki ɗaya a unguwar Asata. Dole na riƙe abata da kaina, amma ban saki kunyata ba. Ga shi kuma sunan uwar mijina aka sa mata, abin ya zama biyu. "Ke" nake ce mata, ko "wannan". Haka ta yi rarrafe, haka ta shiga jami'a, haka na yi takabar ubanta.

Lissafi ta karanta. Ni dai ban cika ganin lambobi a ciki ba, wasu ƙugiyoyi ne da haruffa take jerawa da alli a bayan ƙofar ɗaki, ta goge gefe ɗaya, ta sake cikawa. Ban taɓa tambayarta ba. Amma ina gani. Ba abin da ke wuce idona a gidan nan.

Bayan ta gama bautar ƙasa, wata safiya ina toya waina ta zo ta tsuguna ɗan nesa da ni.

"Inna, akwai wasu malamai mata a jami'a, suna ɗaukar 'yan mata da 'ya'yan mutanen da ba su cika shiga lissafi ba, su yi digiri na biyu. Su za su ɗauki nauyin komai, har ɗakin kwana. Gurbi ɗaya ya rage, kuma ba ni kaɗai nake nema ba."

Na ce, "To."

"Shugabarsu ta ce sai ta zo ta gan ki. Wai sun taɓa ɗaukar wata, ana tsakiyar karatu iyayenta suka ce ta dawo gida, gurbin ya tafi a banza. Tana so ta ji daga bakinki."

"Ta zo mana. Gidan ba ya cizo."

Ran Asabar na wanke ɗaki tas, na kunna turaren wuta, na yi waina da miyar taushe, na aika aka sayo ƙanƙara don zoɓo. Matar ta iso bayan azahar. Farfesa ce, Ibo, gajeriya, ga furfura ba ko ɗankwali. Na miƙa mata kujera ta ƙi, ta cire takalmi ta zauna a tabarma kusa da ni. Nan take ta shiga raina. Da yake burokata, wato guntun Turancin kasuwa, ta ciniki ce kawai, yarinyar ce ta zauna a tsakani tana fassara. Maƙwabciyata kuwa, matar wani mai sayar da awaki, ta jingina da ƙofa wai wuƙa ta zo aro.

Farfesa ta fara yabo. Wai yarinyar tana da kai, wai tana hango hanya inda maza suke tsayawa, wai ba ta cika ganin irinta ba. Ita kuma mai fassarar muryarta sai ƙanƙancewa take yi, don yabon kanta take juyawa tana miƙo wa uwarta. Na kafa wa bango ido.

Na ce, "Ki gaya mata wainar za ta huce."

Matar ta yi dariya, ta gutsira, sannan ta tambaya ko ina jin daɗin abin da 'yata ta zama.

"Yara ne," na ce. "Allah ya shirya."

Ta ce to, a ganina me ta fi iyawa?

"Har yau tuwonta da gudaji."

Maƙwabciyata ta rufe baki tana murmushi, don duk Bahaushiya ta san uwar da ta faɗi haka zuciyarta fal take. Farfesa ba ta yi murmushi ba. Ta matso, ta ɗora hannu a gwiwata, ta tambaya ko zan tsaya wa yarinyar har ta gama.

Ni da ban taɓa nuna wa duniya cewa tawa ce ba, yanzu in buga ƙirji a gaban baƙuwa, a gaban maƙwabciya, a gaban ita kanta? Na janye gwiwata na ce, "Ni ba na shiga sha'aninta."

Yarinyar ta fassara yadda na faɗa, ba ƙari ba ragi, don ban koya mata ƙarya ba.

Farfesa ta zuge jakarta. Ta ce wa yarinyar wani abu da harshen Ibo a hankali. Ban ji kalmomin ba, amma na san muryar, irin wadda ake ta'aziyya da ita ce. Ta gode mini, ta sa takalmi. Yarinyar ta raka ta bakin get ta dawo. Ba ta yi kuka ba. Ta kwashe kwanuka, ta jiƙa tsumma, ta nufi bayan ƙofa ta shiga goge allin nan daga sama har ƙasa. Ba ta taɓa goge shi duka ba.

Ban san lokacin da na fita ba. Mayafi a hannu, silifa ƙafa ɗaya. Lokacin la'asar ne, titi cike: mahauta sun dawo daga kasuwa, 'yan okada sun jeru gaban mai shayi, mata suna layi a famfo, duk mutanenmu ne, duk sun san ni da ɗaure fuska. Motar Farfesa tana nan, cunkoso ya tare ta, na riƙe ƙofar kafin direba ya ja.

Da guntun burokata na yi magana, inda ta ƙare na cika da Hausa da hannu. Na ce tawa ce, ni na haife ta. Na ce in lissafi ya ƙi mata takan manta da abinci ta yi ta tauna bakin mayafi, ni nake korar ƙannenta waje don kada su dame ta. Na ce allin da take rubutu da shi ni nake saya a titin Ogui in ajiye a taga, in ce tsinta aka yi. Na ce ta tafi da ita, duk wanda ya zo janye ta sai ya fara bi ta kaina.

Matar ta dube ni ta ce, "Mama, wa kike nufi?"

Ina ganin so take ta tabbata. Na faɗi sunan. Sunan uwar mijina, sunan 'yata ta fari, a bakin titi, da ƙarfi har mai shayi ya ajiye buta.

Wata daga famfo ta rangaɗa guɗa. Wani tsohon mahauci, abokin marigayi, ya sunkuyar da kai ya wuce kamar bai gan ni ba, wannan ya fi guɗar yi mini ciwo. Maƙwabciyata ta biyo ni tana tafa hannu. "Yaya, ashe kin san sunan! Mu da muka ɗauka kin manta. Lallai zaman Inugu ya ratsa ki, saura ki yi mata rawa!"

Na ce, "Ki karɓi wuƙarki ki ba ni wuri."

Na daɗe ban fita famfo ba. Waina ma auta na riƙa ba wa ta kai bakin titi. Har yau in na haɗu da tsohon nan sai in canza hanya, kuma in na tuna yadda muryata ta fita sai in ji kamar zanena ne ya kwance a kasuwa.

An ba yarinyar gurbin. Ranar tafiya ta tsuguna ta yi mini sallama, ɗan okada yana jira da jakarta. Na yi mata addu'a ina kallon tukunya. Ta miƙe, ta kai ƙofa, ta juyo.

"Inna, kowa a layin nan ya ji, ni kaɗai ce ban ji ba. Ina cikin ɗaki."

"To sai me?"

"Ki faɗa mini sau ɗaya."

"Ke, mai okada yana jiran ki," na ce. "Wuce, marar kunya."