Yaron da Inuwarsa Ke Kallon Gabas

Laifina ne aka daina tatsuniya a gidanmu, ban kuma gane girman abin da na yi ba sai da na yi aure.

A unguwar Mansur ta birnin Makka na tashi. Kakata ta wajen uba, Inna Kulu, gyaɗa take sayarwa a bakin titi. Bayan isha'i sai ta hau saman gida ta hura gawayi tana suyar ta gobe, ni da ƙannena muna kewaye da kaskon. A waje Larabci muke yi, amma a nan sai Hausarta ta Sakkwato.

"Matso, angona, ka zamna," in ji ta da ni. "Miji sai ci, ba cefane."

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai wadda take yawan komawa kanta. Wata mata ce ta kamo hanyar Makka a ƙafa. A wani ƙauye cikin ƙasar Chadi ɗanta ya kwanta ciwo, ayari kuwa ba ya jira. Ta bar shi wurin wata tsohuwa a gidan ƙarshen gari, ta ce kafin a girbe gero za ta dawo. Aka girbe, aka sake girbewa. Tsohuwa ta rasu, ɗakuna suka rufta, ƙofar gidan kaɗai ta rage, wadda ko an rufe ta da dare a buɗe ake samunta da safe. Yaron bai ƙara tsawo ba. Yana nan tsaye a bakin ƙofar da tsagar gidansu a kumatu, kuma ko'ina rana take, inuwarsa gabas take kallo.

A nan Inna ke tsayawa kullum. In mun ce sai me ya faru, sai ta ce gawayi ya mutu, a je a kwanta.

Wani dare, na fara jin kaina babba, na katse ta. "Halas, ya Sitti! Ya isa haka, Inna! Yaron nan ya mutu tuntuni, fatalwa ce. Uwar kuma muguwa ce, ta samu Makka ta manta da shi."

Ƙannena suka yi dariya. Inna ba ta yi faɗa ba. Hannunta ya tsaya a kan kaskon har gyaɗar ta ƙone. Daga ranar ta ci gaba da suya ita kaɗai a sama, mu kuma muka koma gaban talabijin.

Bayan na koma unguwar Shisha da matata, na yi wa Baba ƙorafi. Duk shekara sai Inna ta ja ƙafafunta zuwa Muzdalifa sayar da shayi cikin alhazan ƙasarmu, alhali ba ta rasa komai ba.

Baba ya ce, "Ba shayi ke kai ta ba. Kumatun mutane take dubawa. Yaron tatsuniyar nan yayana ne, sunansa Garba. Ba ta da takardar zama, in ta fita ƙasar nan ba dawowa, ga mu kuma ta haifa nan."

Na ce bari in yi masa umara. Baba ya riƙe hannuna. "Kada ka soma. Mamaci ake yi wa wannan, ita kuwa ba ta taɓa yarda ba."

Sai a ranar na gane me ya hana tatsuniyar ƙarewa. Muddin ba ta ƙare ba yaron yana da rai, kuma mu ne kaɗai mutanen da take iya faɗa wa.

Na same ta a saman gida, gaban kasko babu wuta. Idanunta sun yi rauni, da takuna ta gane ni.

"Angona, yau ka tuna da uwargida?"

Na durƙusa. "Inna, yaron nan na bakin ƙofa. Ban san komai ba na buɗe baki. Uwarsa ba muguwa ba ce, ba ta kuma manta da shi ba. Ki yafe mini."